Hular kwano mai fukafuki ta Mishigan: asalinta, kakar 2023, da yadda za a zana ta a kasken moto

Fenti_Zariya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai wata riga da ta cika kasuwar gwanjo a nan Maraɗi, shuɗiya mai babban harafin M ruwan ɗorawa. Wasu kuma hoton hular kwano ne a jikinsu, da zane kamar fukafuki a goshi da layi uku da suka bi ta tsakar ka har ƙeya, a ƙasa an rubuta 15-0. Yanzu samarin kabu-kabu sun fara kawo kaske suna cewa a yi musu irin wannan zane. Tambayata uku ce. Na wace ƙungiya ne, kuma daga ina zanen ya samo asali? Mene ne 15-0 ɗin? Sannan ga manyanmu masu fenti, yaya ake fitar da fukafukin ya zauna daidai hagu da dama a kan abu mai ƙululu, ba tare da an lalata kasken ba? Allah ya saka da alheri.

Na_Bagalam

Wa alaikumus salam. Malam mai fenti, rigar ta Jami'ar Mishigan ce, wadda ke garin Ann Arbor a arewacin Amurka. Wasan ba ƙwallon ƙafarmu ba ce, irin tasu ce mai kama da zari-ruga, wadda ake rungumar ƙwallo ana karo da juna. Tun 1879 jami'ar ke buga ta, kuma filinta da aka buɗe a 1927 yana cin mutum 107,601. Sunan ƙungiyar Wolverines, wata dabbar ƙasashen sanyi ce ƴar uwar dage, da irin taurin kan nasa.

Abin da zai fi maka amfani shi ne ka san cewa ba mai zane ne ya ƙirƙiro fukafukin nan ba, aikin baduku ne. A shekarun 1930 hulunan wasan na fata ne. Kamfanin Spalding yana ɗinka wani samfuri mai suna FH5: a ɗora ƙarin fata a goshi, inda aka fi shan karo, a yanke gefenta biyu su yi baya zuwa saman kunne, sannan a ja zirin fata uku daga goshi zuwa ƙeya don su riƙe hular. Duka launi ɗaya ne, baƙi ko ruwan ƙasa, shi ya sa ba wanda ke kula da siffar.

Mai horaswa Fritz Crisler ne ya sa aka shafa wa faci da zirin launi daban a Jami'ar Princeton a 1935, baƙi da ruwan lemo. Da ya koma Mishigan a 1938 sai ya taho da dabararsa, ya mai da ita shuɗi mai duhu kamar shuni da rawaya irin ta masara. Launukan jami'ar ke nan tun 1867, kuma su kansu da sunan masara suke kiran rawayar. Ranar 1 ga Oktoba 1938 aka fara fita da hular, a wasa da Jami'ar Jihar Mishigan (wata jami'a ce daban, masu koren kaya, maƙwabta kuma abokan gaba). Shekara huɗu a jere waɗancan suna doke su, ranar kuwa Mishigan ta ci 14–0. Abin dariyar shi ne su waɗanda aka doke ɗin sun riga su sa hula mai fukafuki, don samfurin kanti ne, kowa na iya saye. Mishigan ba ita ta fara ba, ita ce dai ta ƙi saki.

Dalilin da Crisler ya bayar biyu ne: ƙawa, da kuma mai jefa ƙwallo ya hango nasa daga nesa, tunda kusan kowa baƙar hula yake sawa. A 1937 sun ci huɗu an ci su huɗu, a 1938 suka ci shida, aka ci su ɗaya, canjaras ɗaya. Masu son labari sukan jingina wannan ga hula. Ni dai ina ganin a rage gishiri, don a shekarar ce Tom Harmon ya fara buga wa babbar ƙungiya, wanda ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1940. Da shi a fili, ko malfa suka sa za su ci wasa.

Daga nan sai roba ta kori fata. Kamfanin Riddell ya fito da hular roba a 1939, shekarar da aka wajabta sa hula a wasannin jami'o'i, amma sai bayan yaƙin duniya na biyu ta yaɗu. A kan roba babu ɗinki, babu faci, fukafukin ba shi da sauran aiki, sai aka ci gaba da bin sawun tsohon ɗinkin da fenti. Sauran canje-canjen ƙanana ne, amma su ke nuna shekarun hoto. Ƙarfen kare fuska ya shigo a shekarun 1950, da sanda ɗaya tak, daga baya ya zama keji. Ruwan toka ne har zuwa shekarun 1970 kafin a mai da shi shuɗi. A shekarun 1960 ana rubuta lambar ɗan wasa a gefen hula, aka daina, aka sake dawo da ita a 2011 na ɗan lokaci. Mai horaswa Bo Schembechler da ya zo a 1969 ya kawo ƙananan sitika na yabo da ake manna wa wanda ya yi ƙoƙari, cikin masu horaswar da suka biyo bayansa Lloyd Carr ya soke su a 1995, Jim Harbaugh ya dawo da su a 2015. A 2016 kayan ƙungiyar suka tashi daga Adidas zuwa Jordan, don haka in ka ga tambarin mai tsalle da ƙwallo a riga, ba ta girmi wannan shekarar ba.

A kula a gwanjo: ba duk fukafuki ne na Mishigan ba. In shuɗin mai haske ne, na Jami'ar Delaware ne, inda David Nelson, tsohon ɗan wasan Crisler, ya kai zanen a 1951. In baƙi ne da ruwan lemo, Princeton ce, wadda ta koma wa abinta a 1998.

Mai_Kwanan_Kallo

Malam Na_Bagalam ya gama da hula, bari in ɗauki 15-0. Ma'anarta wasa 15, nasara 15, ba faɗuwa ko ɗaya, a kakar 2023.

Sai an san lissafin wasan kafin sakamakon ya yi ma'ana. Mutum 11 ne kowane ɓangare, tsawon fili yadi 100, yadin nan dai na masu atamfa, wato mita 91 da ƴan kai. Ana ba ka dama huɗu ka ci yadi 10. In ka ci a sabunta maka, in ka kasa ƙwallo ta koma hannun abokin karawa. Kai ƙwallo gidan ƙarshe, tacdawun ke nan, maki 6, sai bugun ƙari maki 1. Buga ta da ƙafa tsakanin sanduna maki 3. Kwata huɗu ne na minti 15, amma agogo na yawan tsayawa, wasa ɗaya yakan haura awa uku.

Wasanni tara na farko ba su da wani tashin hankali. East Carolina 30–3, UNLV 35–7, Bowling Green 31–6, Rutgers 31–7, Nebraska 45–7, Minnesota 52–10, Indiana 52–7, Jihar Mishigan 49–0, Purdue 41–13. Abin lura kawai shi ne a wasan Bowling Green an tare wa J.J. McCarthy, mai jefa ƙwallonsu, jifa uku, alhali a duk kakar huɗu kaɗai aka tare masa, a kan tacdawun 22 da ya jefa.

Nuwamba ce ta tantance. A gidan Penn State sun ci 24–15, kuma yadda suka ci ɗin ne abin magana: sau 32 a jere suna ruga da ƙwallo a hannu, a rabin wasa na biyu ba a rubuta musu jifa ko ɗaya ba. Masu kai farmaki na Penn State sun fi ƙarfin masu tsare McCarthy ta gefe, sai Sherrone Moore, wanda ke riƙe da ƙungiya ranar, ya ƙaro ƙarti a sahun gaba ya ce a bi ta tsakiya kawai. Ka ga hular da aka ce an yi ta don mai jifa ya hango nasa, ga ta a kan mutanen da suka ƙi jifa. Mako na gaba Maryland 31–24, nasara ta 1,000 a tarihinsu, kuma su ne na farko da suka kai wannan adadi.

Sai babban wasa, da Jami'ar Jihar Ohayo, 25 ga Nuwamba, kowa na da nasara 11 ba faɗuwa. Tsakar rana suke farawa a can, wato ƙarfe 6 na yamma agogon Nijar, daidai ana shirin magariba (kafin farkon Nuwamba bambancin awa biyar ne, bayan sun mai da agogonsu baya ya koma shida). A kwata na uku Zak Zinter, ginshiƙin sahun gaba, ya karye a ƙafa aka fitar da shi, da aka dawo wasa a take Blake Corum ya ruga yadi 22 ya ci. An tashi 30–24 bayan Rod Moore ya tare jifan ƙarshe na Ohayo. Kofin rukuninsu na Big Ten kuma suka ɗauka a kan Iowa, 26–0.

A lokacin ƙungiya huɗu kawai ake zaɓa su yi gasar ƙarshe, sai a 2024 aka mai da su 12. Ranar 1 ga Janairu 2024 a filin Rose Bowl suka haɗu da Alabama ta mai horaswa Nick Saban. Nan ne suka fi kusa da faɗuwa, kuma da hannunsu: sakin ƙwallo wajen karɓar dogon bugu, ɓarar da bugun ƙari, ɓarar da bugun maki uku. Abin da ya riƙe su shi ne tsaro, sun kayar da Jalen Milroe, mai jifan Alabama, sau shida kafin ya yi jifa. Ana bin su 20–13, saura minti ɗaya da daƙiƙa 34 Roman Wilson ya farke. A ƙarin lokaci Corum ya ci daga yadi 17, Alabama kuma ta zo dama ta huɗu saura yadi 3, aka tare Milroe a tsakiya. 27–20. Kwana tara bayan haka Saban ya ajiye aiki.

Wasan ƙarshe 8 ga Janairu a Houston, da Jami'ar Washinton, wajen ɗaya da rabin dare a nan. Donovan Edwards ya ci biyu tun a kwata na farko, yadi 41 da yadi 46. Gaba ɗaya sun ruga yadi 303, Corum na da 134, Edwards 104, aka tare wa Michael Penix, mai jifan Washinton, jifa biyu. 34–13. In ka tara kakar duka, sun ci maki 538, an ci su 156, wato 10.4 a kowane wasa. Corum shi kaɗai ya ruga tacdawun 27. Rabonsu da kofin ƙasa tun 1997, shi ma wancan raba shi aka yi da Nebraska.

Ɗan_Gulbi

Yaya Mai_Kwanan_Kallo, ka faɗi daɗin ka tsallake ɗacin. Me ya sa Sherrone Moore ke riƙe da ƙungiya a Nuwamba? Babban mai horaswa Harbaugh bai tsaya bakin fili ba a wasa shida cikin 15. Uku na farko jami'ar da kanta ta dakatar da shi kan saɓa ƙa'idar neman sababbin ƴan wasa lokacin korona. Uku na ƙarshen Nuwamba kuma Big Ten ce ta dakatar da shi, kwana ɗaya kafin wasan Penn State, kan maganar satar alama.

Wannan ma maganar hula ce in an duba. Har zuwa 2023 ƴan wasan jami'a ba su da rediyo a cikin hula kamar na ƙwararru, don haka da hannu da alluna ake yi musu ishara daga bakin fili. Ka gane isharar abokin karawa ana cikin wasa, ko daga hoton talabijin, ba laifi ba ne. Laifin shi ne tura mutane filin waɗanda za ka haɗu da su nan gaba su ɗauki hoton isharar, abin da doka ta hana tun 1994. An samu wani ma'aikacin ƙungiyar da shirya hakan, ya bar aiki a farkon Nuwamba. Daga 2024 aka halatta rediyon: mutum ɗaya a kowane ɓangare, da koren ɗigo a bayan hularsa, kuma ana yanke maganar idan saura daƙiƙa 15 a fara. A Agustan 2025 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ci jami'ar tara mai nauyi, ta sa wa Harbaugh takunkumin shekara 10, amma ba ta karɓe kofin ba.

Mai_Kwanan_Kallo

Gaskiya ne ƙanena, ban musa ba. Sai dai a haɗa da wannan: Penn State, Ohayo, Alabama da Washinton duk bayan asiri ya tonu aka buga su, kowa ya canza ishararsa. Kuma ruga 32 a jere ba ya bukatar sanin sirrin kowa, kowa a filin ya san abin da ke zuwa, tarewar ce ta gagara.

Baba_Mai_Pistole

Ku bar gardama yara, mai tambaya aiki gare shi. Ɗana, kafin ka taɓa kasken kowa ka san da mi aka yi shi. Ɓawon waje ko dai roba ce ABS, ko polikabonet, ko faiba. Yawancin waɗanda ke kasuwarmu ABS ne. A ciki akwai farin soso mai tauri, irin wanda ake tallabe firij da shi a kwali, kuma shi ne ainihin mai ceton kai, ba ɓawon ba. Diluwan (ruwan tsinka fenti) da esansi suna narkar da shi nan take. Polikabonet kuma diluwan mai zafi shina sa mishi ƙananan tsaga da ido ba ya gani, sai ranar faɗuwa ya fashe. Shi ya sa masu ƙera kaske ke hana fenti. In faiba ne babu damuwa. In roba ce, ko ka yi da akirilik mai haɗin ruwa, ko ka yanki sitika, ita ta fi lafiya. Fentin mota na selilos kada ya kusance shi.

In fentin za a yi, ga yadda ake bi. Kwance gilashi da sukurorinsa, ciro matashin ciki in mai cirewa ne, ka bar farin soson inda yake, kada ka ɓamɓare shi. Toshe cikin da jarida da leda, ka liƙe bakin roba da ramukan iska da sikoc (tef mai manne), feshi ko kaɗan kada ya shiga. Wanke da ruwa da sabulun wanke kwano kawai. Goga da samfefa mai lamba 600 da ruwa har ƙyallin ya mutu, ba wai ka ci jikin robar ba. Sai share fage na roba, shafi biyu marasa kauri.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne fara shuɗi sannan a ɗora rawaya. Rawaya ba ta rufe duhu, za ta fito kore-kore ko ka yi shafi shida. Juyawa ake yi: fari tukuna shafi ɗaya ko biyu, rawaya shafi uku a goshi da tsakar ka da duk inda zane zai bi, sannan ka rufe zanen ka fesa shuɗi a kan sauran. Rawayar ta kwana ɗaya cur kafin sikoc ya hau ta, in ta gwangwani ce kwana biyu, in ba haka ba sikoc zai taso da ita. Wanda ke haɗa launi da lamba, Pantone 7406 ce rawayar, shuɗin 282. In da ido ne, rawayar ta karkata wajen ƙwaiduwar ƙwai, ba wajen lemon tsami ba, shuɗin kuma ya kusa baƙi.

Yanzu daidaito. Ɗaura zare daga tsakiyar goshi zuwa tsakiyar ƙeya, ka auna daga ramin sukurun gilashi na hagu da na dama zuwa zaren da tef ɗin tela, sai sun zo ɗaya. Wannan ne layin uwa, komi daga gare shi ake aunawa. Kada ka zana fukafuki a takarda shimfiɗaɗɗa ka ce za ka naɗa, zai tattare. Lulluɓe rabin goshi da sikoc na takarda, ka zana rabin fukafuki a kai da fensir, ka ɓamɓaro shi a hankali ka manna a kwali mai laushi, ka yanke. Ka yi mishi ƴan tsage-tsage a baki don ya kwanta. Gefe ɗaya ka zana da shi, ka kifa shi ka zana ɗayan. Malam Na_Bagalam ya ce asalinsa faci ne na fata, to haka za ka ɗauke shi: abu ne da ya rungumi goshi ya yi baya, bakinsa na sama ya lanƙwasa, ƙarshensa ya yi tsini sama da kunne. In ka miƙar da shi ya zama kibiya, in ka ɗaga tsinin da yawa ya zama ƙaho.

Layi uku daga jikin fukafukin suke fitowa, ba a barin rata. A kaske na babba faɗin santimita 2 ya isa kowane. Na tsakiya shina bin zare. Na gefe biyu ba a jera su kamar layin dogo, don kai ƙululu ne: su buɗe a tsakar ka, su matso juna wajen ƙeya. Sa alama duk bayan santimita 5 a kan zare, ka auna nisa ɗaya hagu da dama. Bakin zane da siririn sikoc na roba mai milimita 3 ake bi, shi ke shan kwana, sannan a cike tsakiya da mai faɗi. Danne baki da farce. Kafin shuɗi, fesa rawaya sama-sama a kan bakin sikoc ɗin, ita za ta toshe ƙofar da shuɗi zai zurara.

Feshi daga nisan santimita 20 zuwa 25, hannu na tafiya, shafi uku sirara, minti 10 zuwa 15 tsakani. Gwangwani mai mililita 400 ɗaya na kowane launi ya ishi kaske ɗaya har da saura. Cire sikoc bayan kamar minti 20 da shafin ƙarshe, kana ja da baya a kwance. In ya bushe ƙarau bakin zai tsattsage. Washegari barni (fentin ƙyalli marar launi) shafi biyu ko uku, kuma ya zama dangi ɗaya da fentin. In ka haɗa iri biyu sai ka ga ya yamutse kamar fatar tsohuwa.

Yanayinmu ma shina da nashi. A zafin Afrilu fenti na bushewa a iska kafin ya sauka, ya fito da gautsi kamar yashi, don haka tsakanin bakwai da tara na safe ake yi. Da hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa a rufe ƙofa saboda ƙura. Da damina barni na yin hazo. Kuma a inuwa ake shanya, rana na tayar da ƙuraje.

Shawarata ta ƙarshe, wanga shuɗi da dare baƙi ne, mai mota ba ya ganinsa a hanyar Dan Isa. Layukan nan uku ka yi su da sitika rawaya mai walƙiya in fitila ta haska, ka huta da rabin aikin ma.

Fenti_Zariya

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Saura ɗaya: wani lokaci ainihin hular wasan takan faɗo cikin dilar gwanjo, da kejinta da komai. Tunda an yi ta don karo, ba ta fi kaskenmu ƙarfi a kan moto ba?

Ƴar_Mokoyo

A'a Malam, kada ka bari kowa ya hau moto da ita. Aikinsu daban. Hular wasa an yi ta ne don ƙananan karo masu yawa, ɗaruruwa a kaka ɗaya, da gudun ɗan Adam. Matashin cikinta mai lotsawa ne ya dawo, wasu ma iska ake hura musu da ɗan famfo. Kasken moto kuma don bugu ɗaya mai tsanani aka yi shi: farin soson yana murƙushewa ya shanye ƙarfin, ba ya dawowa, shi ya sa kasken da ya taɓa shan ƙasa da kai a ciki ya gama aiki ko da waje bai nuna ba. A gudun moto matashin hular wasa zai lotse har ƙarshe, sauran bugun ya wuce kai.

Ga kuma kejin. A fili yana kare fuska daga hannu da gwiwa, a kan kwalta kuwa zai iya kama wani abu ya murɗe wuya. Nauyinta ya kai kilo biyu, ba gilashin tare ƙura, maɓallan haɓarta kuma na ɓallewa ne. Tambarin NOCSAE da ke bayanta na gwajin wasa ne. Na moto shi ne ECE 22.05 ko 22.06, harafin E da lamba a cikin da'ira a ɗinke jikin igiyar haɓa, ko DOT. Sannan a can ma ba a sabunta hular da ta kai shekara 10, yawancin masu isowa gwanjo waɗanda aka yar ne. Ta yi kyau a kan kanta a shago, sai ka riƙa duba lanƙwasar fukafukin a jikinta.

Baba_Mai_Pistole

Ɗiyata ta faɗi daidai. Abu ɗaya na manta: hular wasa ba ta da gilashi mai ɗagawa, kaske shina da shi. Kafin ka zana komi, mai da gilashin ka ɗaga shi har ƙarshe, ka sa alama inda bakinsa ya tsaya da inda yake gogar ɓawo. In tsinin fukafukin ya faɗa ƙarƙashin faifan sukuru, mako biyu zai kankare. Ɗaga tsinin kamar santimita ɗaya da rabi sama da faifan, kuma kada a mai da gilashi sai barni ya yi kwana uku.